Ƙahon da Ke Ƙarƙashin Gado

A unguwarmu ta Obrero, nan birnin Cali,
daren ƙarshen Disamba mukan haɗa mutum-mutumi,
mu cusa masa tsummoki da tsofaffin jaridu,
mu kafa masa hula, mu kira shi Tsohuwar Shekara,
sha biyun dare mu cinna masa wuta a bakin titi.
Ni ke ɗinka shi, tunda ni ce mai keke.

Bana, kafin in rufe cikinsa,
na tura masa wata 'yar takarda.
A jikinta na rubuta: Sai yara sun girma.
Sai an biya bashin rufin kwano.
Sai gwiwa ta daina ciwo.
Sai baɗi.
Shekara talatin da ɗaya ina kiwon wannan "sai"
har ta yi ƙiba, ta hana ni wurin kwana.

Ni, Ofelia Lucumí,
na ɗinka wa rabin garin nan kayan rawa,
siket mai ƙyalli, riga mai kama jiki.
Na san faɗin ƙugun kowa,
na san wadda ke ɓoye cikin wata uku,
amma ban taɓa zama sanadin motsin ƙugu ɗaya ba.
Ƙahon tagulla na babana yana ƙarƙashin gado
cikin akwati mai warin kafur,
kamar baƙon da aka manta ba a kai wa ruwa ba.

Wuta ta ci. Na haɗiye inabi goma sha biyu
yadda ake yi, kowanne da burinsa.
Ni dai duka sha biyun
kaya ɗaya na ɗora musu.

Biyu ga Janairu na fara bi gida-gida.
Nolberto mai burodi ya ce hannunsa ya mutu,
yana faɗa yana kaɗa bokitin fulawa.
Dagoberto mai aski yana da babbar jita, tsirkiya uku,
ta huɗun ya ɗaure ƙofar kaji da ita.
Yamileth mai aikin jinya ta ce ita waƙarta
sai a banɗaki, sai a kunnen wanda barci ya ƙi.
Jikana Wilmer ya yi dariya har da riƙe ciki,
can ya nisa, ya ce: to wa zai buga ƙararrawa?

Talata, rana ta faɗi,
garejin Nolberto, tsakanin buhuna.
Na ɗaga ƙahon. Leɓe ya manta hanya.
Abin da ya fara fitowa
sai ka ce saniya ta taka ƙusa.
Karen maƙwabta ya amsa, shi ma ya kuskure.
Muka sake. Muka kuma sakewa.
Ganga ta ruga gaba, jita na bin ta da ɗingishi,
ni ina can baya ina haki
kamar mai bin motar da ta riga ta tashi.

Ban ce mun iya ba.
Ko suna ba mu tsayar ba;
Dagoberto ya kafe sai sunan uwarsa.

Amma a zagaye na tara, ko na goma ne,
ta ƙasan ƙofar gareji inda ba ta rufuwa
na hango ƙafa biyu cikin koren silifas.
Doña Tránsito ce, mai shekara tamanin,
ta fito zubar da shara.
Ta tsaya.
Diddige ya ɗaga. Ya sauka.
Ɗan'uwansa ya ɗaga.
Ledar shara na lilo a gefen gwiwarta.

Ban ga fuskarta ba, ban kuma nema ba.
Na cika ƙirji da iska,
na ce wa Wilmer da ido: kar ka tsaya.

Talata mai zuwa kowa ya zo da wuri.
Kai kuma Dagoberto,
nemo wa kajin nan igiya.